Dalilin da Ya Sa Dutsen Cindo Ba Ya da Wuyar Hawa

Dalilin da ya sa kuke hawa Dutsen Cindo da gudu, yara, ko haki ba ku yi, alhali ta gaba tsayinsa ya fi rimi goma, yana da labari. Ku matso ku ji.

Da can, tun ba a kewaye wurin an mai da shi wurin shaƙatawa ba, dutsen nan ba ya da hanya kuma ba ya da suna. Mutum ɗaya ne kawai yake hawansa, wani mai ɗiban zuma da ake kira Cindo. Da igiyar rama yake hawa ta gaba, inda dutsen yake a miƙe kamar bango. In ya sauko sai jama'a su kewaye shi a gindin tsamiya, ba don zumar ba, don labarin abin da ya gani.

"Kogin nan namu, daga sama kamar awarwaron azurfa yake," in ji shi. "Giwaye kuwa ba su fi tururuwa ba. Yau ma na ga ruwa yana zuba a wani gari, garin da ke kusa da shi kuma rana ƙwal."

Akwai taubashinsa, Barmo, mai haƙar rijiya. Duk ruwan da garin ke sha shi ya haƙo shi, amma ba a taɓa kewaye shi a ce ya ba da labari ba. In ya fito daga rami, jiki duk laka, sai a ce sannu, a wuce wurin Cindo. Abin nan yana cinsa ƙwarai.

Wata rana ya kasa haƙuri. "Giwa kamar tururuwa? Kai ɗan mace, ka ji tsoron Allah. Ni ma ina kallon sama daga cikin rijiya, ba ta fi faifai ba."

Cindo ya yi dariya. "To ai sai ka zo mu hau, sarkin rami. Ga igiya."

Jama'a suka kwashe da dariya, don kowa ya san Barmo ko kan rumbu ya hau sai jiri ya kama shi. Ya koma gida bai taɓa tuwo ba. Matarsa ta ce, "Maigida, mene ne naka a ciki? Zumarsa ce, bakinsa ne."

"Ƙarya yake shara musu," in ji Barmo. "Kuma sai na kai shaida har can sama, a gani da ido."

Shaidar da yake nufi ita ce Iya Tabawa, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin. In ta ce abu ƙarya ne, magana ta ƙare. Sai dai da sanda take tafiya, taku uku ta tsaya ta huta.

Barmo ya zaga bayan dutsen da dagi da guduma. Aikin rijiya ya koya masa yadda ake yi da dutse: a hura masa wuta har ya yi ja, a kwara masa ruwan sanyi, ya tsage. Haka ya dinga yi, yana fasawa yana jera matakala. Ya je gidan Iya Tabawa kamar mai gaisuwa, ya faki ido ya auna takunta da kara a kan ƙasa. Da karan nan ya auna kowace matakala. In ya jera ashirin sai ya daidaita wani falalen dutse a inuwa, inda tsohuwa za ta zauna. Bai yarda hanyar ta yi kwana ko ɗaya na banza ba, kada ta gaji ta ce a mai da ita gida.

Rani biyu ya yi yana wannan aiki. Mutane suna zuwa neman ya yashe musu rijiya, yana cewa su dakata. Duk lokacin da ya ji shewa daga gindin tsamiya sai ya ƙara wa wutar itace.

Ranar da ya gama, da hantsi, ya tara gari. Ya riƙe hannun Iya Tabawa da kansa, maza da mata suna biye, har da masu goyo. Kafin kunu ya huce a kwano sun isa sama. Cindo kuwa ta igiyarsa ya hau, ya tarar da su.

Barmo ya tsaya can baya, nesa da bakin dutsen. "Iya, ki duba da kyau. Ki faɗa wa jama'a abin da kika gani, kada ki rage."

Tsohuwa ta dafa sanda, ta kare ido da hannu. Ta daɗe tana kallo. 

"Cindo," ta ce, "zo nan, ɗan nan. Ashe duk shekarun nan rage mana kake yi? Ai abin ya wuce yadda kake faɗa."

Nan take aka rufe Cindo. Wannan ya ce nuna mini giwayen, wancan ya ce ina garin kakata yake. Yana nunawa ana salati. Wani ya ce, "Wannan wuri ai na Cindo ne," kowa ya amsa.

Cindo ya waiwayo ya hangi Barmo da karan awo a hannu. "Taubashi, Allah ya saka. Dama gwiwata ta fara ciwo. Matso mana ka ga awarwaron."

Barmo ya buɗe baki zai yi magana, sai Iya Tabawa ta juyo. "Af, Barmo, kana nan? Maƙogwarona ya bushe. Ga wuri mai kyau amma ba ruwa. Ba za ka haƙa mana 'yar rijiya a gindin dutsen ba?"

Barmo ya juya ya bi matakalarsa ya sauka, ko sau ɗaya bai leƙa ba.

Shi ya sa har yau hanyar nan gajeriya ce, matakalarta daidai takun tsohuwa, ga wurin zama bayan kowane ashirin. Kuma sunan da ake kiran dutsen da shi na mutumin da bai ɗora ko tsakuwa ɗaya a kanta ba ne.