Yadda Zalɓe Ya Kusa Haɗiye Majinyacinsa

An yi wani Zalɓe mai girman kai da wata Bushiya mai sanyin hali. Suna koyon aikin jinya a wurin Baba Kunkuru, a gindin wata tsamiya da ke bakin tafki.

Wata rana Bushiya ta ɗaure wa Ɓera karaya ba daidai ba. Ta ba shi haƙuri, ta kwance, ta sake ɗauri. Da ta gama ta koma inuwa tana cin abinci.

Zalɓe ya tsaya a kanta. "Ke ko kunya ba ki ji? Kin yi kuskure, kuma har kina iya haɗiyar loma?"

"Ai na gyara," in ji Bushiya. "Koyo na zo yi."

"Lalaci dai. Ni in na yi kuskure, da yunwa nake hora kaina."

Ba a jima ba Zalɓe ya zubar da magani. Ya yi ta zagin kansa, ya rantse ba ci ba hutu. Yunwa ta ci shi, sai ya huce a kan marasa lafiya. Mai nishi ya sha tsawa, mai neman ruwa ya sha harara.

Da aka kawo Kwaɗo da kumburarriyar ƙafa, Baba Kunkuru ya ce, "Zalɓe, je ka ci abinci, Bushiya ta karɓe ka."

"Baba, ni ba rago ba ne irinta."

Ya sunkuya zai duba ƙafar, idonsa na ganin dishi-dishi. Kafin ya ankara, ya cafke Kwaɗo da baki.

Bushiya ta dunƙule ta doki ƙafarsa da ƙayoyinta. Ya saki Kwaɗo, ya zube ƙasa.

Baba Kunkuru ya fusata. "Bawan Allah ya kawo maka ciwonsa, ka mai da shi abinci? Ka ƙi jin tausayin kanka, a ina za ka samo na wani? Ba ka ƙara taɓa majinyaci sai ka gyara halinka."

Aka kwantar da Zalɓe cikin waɗanda yake yi wa tsawa. Bushiya ce ta riƙa ba shi kunu a baki, shi kuwa ya kasa ɗaga ido.

Darasin wannan labari shi ne, mai jinyar da ba ya yafe wa kansa kuskure, ba ya ci, ba ya hutawa, marasa lafiya ne za su sha wahalarsa.