Ƙuri'ar da Mahbub Ya Karya

Akwai wani saurayi a Getso mai suna Mahbub, ɗalibin lafiyar dabbobi a wata jami'a a Kano. Yaro ne mai kai, sai dai Allah ya zuba masa kunya. Ko takalminsa wani ya saka a ƙofar masallaci, ba zai iya cewa nasa ne ba.

A shekararsa ta ƙarshe ya haɗa wani gari na ganyayyaki da kanwa, yana fatan ya zama maganin tsutsar cikin awaki. Shi ne bincikensa na fita, kuma a garinsu zai gwada.

Kafin ya taho, malamarsa Dakta Badi'a ta zaunar da shi.

Ta ce, "Gwaji iri-iri ne, Mahbub. Wani zai ba duk awakin, ya duba su kafin da bayan. Wannan shi ne mafi rauni, don in sun canja ba ka san ko maganin ne ko yanayi ba. Wani zai ba na gari ɗaya, ya kwatanta da na wani gari. Ya fi na farko, amma garuruwa ba ɗaya suke ba. Na ƙwarai shi ne ka raba gidajen da ƙuri'a, rabi su karɓa, rabi su jira. Waɗanda ba ka ba wa ba, da su za ka gane gaskiya."

Ya ce, "Na fahimta, Dakta."

Kuma da farko ya yi abin da kyau, ba za mu ci haƙƙinsa ba. Ya tara masu awaki a ƙofar gidan dagaci, ya zuba wake fari da wake ja a cikin hula. Wanda ya zaro fari zai karɓi garin maganin. Wanda ya zaro ja zai jira sai an gama gwaji.

To, kun dai san mu. A garinmu ba a rabon abu a tsallake gida.

Cikin waɗanda suka zaro ja akwai Inna Zinariya, tsohuwar da ta goya Mahbub yana jariri lokacin da mahaifiyarsa ke jinya. Awakinta su ne gonarta, su ne asusunta. Da la'asar sai ga ta da 'yar kwanonta a zaurensu.

Bayan sun gaisa ta ce, "Mahbubu, ashe akwai ranar da ƙwayar wake za ta shiga tsakanina da kai?"

"Inna, ba haka ba ne. Ƙa'idar binciken ce."

"Da nake goyonka ban zaro ƙuri'a ba."

Ya cika mata kwanon, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Ina! Kafin mako ya zagayo ta sam wa maƙwabciyarta, maƙwabciya ta sam wa facalarta. Sai ga Kawu Habu, ƙanen mahaifiyarsa, ya zo da fushi yana tambaya ko shi bare ne. Mahbub ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya buɗe buhu kowa ya ɗiba. A ransa ya ce ai ba komai, alheri ne.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, ciyawa ta tsiro. Sai awaki suka fara zawo.

Ta gidan Kawu Habu ce ta fara faɗuwa. Washegari wasu suka bi. Ka shiga lungu ka ji mata suna salati, maza suna neman wuƙa kada dabba ta yi mushe. Duk inda Mahbub ya gifta sai hira ta tsaya cak.

Tsoro ya shige shi. Tambaya ɗaya ce ke cinsa: shi ne yake kashe dukiyar mutane, ko wata cuta ce ta shigo gari?

Ya kira malamarsa a waya.

Ta ce, "Ka natsu. Ka sa a dakatar da ba su garin maganin yanzu. Sannan ka duba gidajen da suka zaro jan wake. In nasu ma suna mutuwa daidai da na sauran, ba kai ba ne. In nasu lafiya lau, to maganin ne."

Mahbub ya tuna da buhun da ya buɗe wa kowa.

"Mahbub, kana ji na?"

"Dakta... babu gidan da bai karɓa ba."

Ta ce, "Innalillahi. To ka nemi wani gari kusa, ko za mu samu ɗan haske."

Ya hau babur ya nufi Kara, wani gari da ke kusa da su. Awakinsu garau, suna ta tsalle. Ya jingina da bishiya, ya tabbata ya gama yawo. Amma da ya bincika, sai aka ce masa an yi wa nasu allurar rigakafi kwanan baya, kuma yawancinsu a ɗaure suke ba sa fita kiwo. Ya sake kiran Dakta.

Ta ce, "Ka gani? Sun bambanta da naku ta hanyoyi da yawa. Wannan bai kama ka ba, bai kuma wanke ka ba."

Likitan dabbobin da ya zo daga Gwarzo ya tarar an yanka wasu, an binne wasu. Ya duba waɗanda suka rage, ya ba su magani. Ya ce zai iya zama annoba, zai iya zama sabuwar ciyawa, zai iya zama garin maganin.

Ranar da dagaci ya aiko kiransa, Mahbub ya tafi kamar wanda ba ya taka ƙasa. Fada cike da mutane. Ya durƙusa.

Dagaci ya ce, "Yaro, za ka iya rantsewa ba maganinka ba ne?"

"Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

"To ka amsa cewa shi ne?"

"Shi ma ba zan iya ba. Ban sani ba."

Wuri ya kaure da surutu. Kawu Habu, wanda ya fi kowa matsa masa, shi ya fi kowa ɗaga murya. Dattawa ne suka shiga tsakani. Aka hana shi sake ba dabbar kowa komai a garin. Jami'a kuma ta soke binciken, sai ya maimaita shekara.

Duk wannan bai ƙona shi kamar abin da ya biyo baya ba.

Da ya fito, ya tarar da Inna Zinariya a gindin katanga, riƙe da igiyoyin awakinta. Babu ko ɗaya da ta rayu. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Ta ce, "Zo nan, ba faɗa zan yi ba. Ni na matsa maka, ni na raba wa maƙwabta, da hannuna na riƙa zuba wa awakina safe da yamma. Tun da abin nan ya faru ba na barci. Kai ne mai ilimin. Ka gaya mini gaskiya, ni na kashe awakin mutane?"

Mahbub ya buɗe baki zai ce a'a, don ya san kalmar da take nema ke nan. Amma gidajen da za su ba shi ikon faɗin haka, shi da kansa ya cika musu kwano.

Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Kuma babu wanda zai taɓa sani."

Ta naɗe igiyoyinta ta tafi a hankali.

Darasi: Ba kowace kunya ce alheri ba. In an ba ka ƙa'idar aiki, ka riƙe ta ko da wanda kake jin nauyi ne a gabanka, ka yi masa bayani cikin ladabi. Mu kuma iyaye da 'yan uwa, mu daina tilasta wa yaranmu karya doka da sunan zumunci. Ku tura wa ɗalibai da masu kiwo, wataƙila wani yana gab da buɗe buhunsa.