Zailani da Na'urar Zuciyarsa

Alhaji Zailani tsohon direban bas ne a Dagenham, can ƙasar waje, mutumin kirki, sai dai bai iya jira ba. Da zuciyarsa ta gaza, likitoci suka dasa masa na'urar da ke harba jini, yana yawo da baturanta a jaka. Daga baya tsakuwa ta fito masa a matsarmama, aka ce sai an yi aiki.

Likitar da za ta sa shi barci, Dakta Kachollom, ta zaunar da shi da matarsa Luba. Ta ce, "Alhaji, sa ka barci ba kamar na kowa ba ne. Maganin barcin yana sauke jini, na'urar kuma ba ta jure hakan. Dole likitocin zuciya su tsaya kusa. Ƙwayar tsinka jinin da kake sha saboda na'urar kuwa, mu za mu sauya ta a asibiti. Kada ka taɓa."

Ranar aikin aka tarar jininsa ya tsinke da yawa, aka ɗaga aikin. Ya koma gida yana huci, ga ciwo na cinsa. Da aka sa sabuwar rana, sai ya daina shan ƙwayar, wai don kada jinin ya sake tsinkewa.

Luba ta ce, "Alhaji, don Allah bari in kira likitocin."

"Su sake ɗagawa? Kika kira, ban yafe ba."

Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga. Ba ta kira ba.

Da safen da za su tafi asibiti, yana sa takalmi na'urar ta fara kuka. Bakinsa ya karkace. Luba ta laluba wuyansa ba ta ji komai ba, ta manta mai irin wannan na'ura ba a jin bugun jijiyarsa. Ta durƙusa tana salati, tana kiran sunansa, har motar asibitin da aka kira ta iso.

Jini ne ya daskare a cikin na'urar, gudan ya haura ƙwaƙwalwa. Dakta Kachollom ta riƙe hannun Luba, ta ce, "Hajiya, yanzu ba zai iya ɗaukar aikin ba."

Zailani ya rayu, amma ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Idan ciwon ya motsa sai dai ya kalli Luba, hawaye na zuba.

Darasi: gaggawa ba ta rage ciwo. Maganin da likita ya ɗora ka a kai, kada ka ajiye shi da kanka. Kai kuma da ka ga naka zai cuci kansa, ka faɗa, ko da zai yi fushi.