Gudummawar Gwaggo Tasalla

An yi wani mutum a wani gari, sunansa Tasi'u. Ba zan faɗi sunan garin ba, don ba shi ne abin dubawa ba. Ku saurara, 'yan'uwana mata. Labarin nan ba na mutanen da ba ne, na zamanin wayar nan ne da ke hannunmu.

Bawan Allahn nan da gyaran janareta yake riƙe gidansa. Wata rana ya ɗaga wani babban inji shi kaɗai, bayansa ya riƙe. Ya yi jinya, ya tashi, amma sunkuyo ya gagare shi. Mai gyara kuwa in ba zai sunkuya ba, sana'a ta ƙare. Bai yi roƙo ba. Ya buɗe wani ɗan shafi a intanet, yana rubutawa da Hausa yadda mutum zai kula da janaretansa, da fitilar sola, da fanka mai caji.

Ta hanya biyu shafin yake kawo masa ɗan abin cefane. Ta farko, in ya yabi wani kaya, sai ya ajiye ɗan layin rubutu da ake dannawa, wanda zai kai mutum shagon masu kayan. In mutumin ya saya, masu shagon su ba Tasi'u kamasho. Kuma ba ya yabon abin da bai riƙe a hannunsa ya gwada ba, shi ya sa kamashon bai taɓa yin yawa ba. Ta biyu, akwai wani kamfani da ke liƙa tallar mutane a gefen shafinsa. Duk wanda ya danna tallar, sai a cire wani ɗan kuɗi daga aljihun mai tallar, kamfani ya ɗauki nasa, ya ba mai shafi ragowar. Mai talla ya yarda da haka ne don yana zaton wanda ya danna mai son saye ne.

To, sai Allah ya sauki matarsa Sahura, ta haifi namiji, ɗansu na fari. Haihuwar ta zo da wahala, sai da aka yi mata aiki. Abin da ya daɗe yana tarawa don ragon suna, asibiti ta cinye shi tas. Ya je kara, ya ga wani rago fari mai baƙin kunne, ya taya, ya ce wa dillali zai dawo. Ya dawo gida da igiya kawai, ya kafa turke a tsakar gida, ya ce Allah zai kawo abin ɗaurewa.

Akwai ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla, mai waina. Ita ta riƙe shi tun yana yaro bayan rasuwar iyayensa. Ita ce ta tare a gidan tana yi wa mai jego wanka. Ta ga turken nan babu komai, abin ya dame ta. Ta tambayi Sahura, ta ce, "Wai shi wannan aikin nasa na waya, ta ina kuɗin ke fitowa?"

Sahura ta ce, "Ni dai, Gwaggo, abin da na sani, in aka danna hoton da ke gefe ana biyansa."

"Dannawa kawai?"

"Dannawa kawai."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Yo ashe abin gayya ne!"

Ku saurara ku ji abin da ƙauna ta sa ta yi. Duk matar da ta shigo barka, kafin ta gama ɗaukar jariri, Gwaggo za ta ce, "Ke, da data a wayarki? Miƙo." Sahura ta buɗe shafin, Gwaggo ta nuna da yatsa. "Ga shi nan, hoton murhun nan. Danna. Fita ki sake shiga. Wadda ba ta da sabulu ko turmin atamfa, wannan ne bikinta." Mata suka yi ta dariya, suna dannawa. Abin ya yi musu daɗi, don ga gudummawa wadda ba a taɓa lalita ba. Suka koma gida suka sa 'ya'yansu, suka tura wa ƙawaye, ƙawaye suka tura wa ƙawaye. Kowa danna, kowa danna.

Shi kuwa Tasi'u yana ƙofar gida a kan tabarma, yana amsa barkar maza, bai san abin da ake yi ba. Da mutane suka ragu, ya buɗe wayarsa ya duba. Ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba a shafin nan. Ya rufe, ya sake buɗewa, suna nan. Ya kwatanta su da kuɗin ragon nan mai baƙin kunne, ya ga in ya haɗa su da ɗan kuɗin barka da aka ba shi, sun isa har da na goro.

Ya tashi ya shiga gida. Gwaggo na ganin fuskarsa ta fashe da dariya.

"Sun shigo ko? Faɗa min sun shigo!"

"Gwaggo, me ya shigo?"

"Kuɗin rago mana! Kai kana can kana tagumi, mu mata mun gama aiki. Har yatsana ciwo yake."

Ta kwashe labari ta faɗa masa, tana jira ya yi murna. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo." Ya juya ya fita.

'Yan'uwana, kada ku zaci abin ya zo masa da sauƙi. Zuciya ta ce masa, kai ka danna? Ba kai ka danna ba. Kai ka sa su? Ba kai ka sa su ba. Kamfanin nan ba su san da zamanka a duniya ba, wannan kuɗi a wurinsu ko ƙwayar gero bai kai ba. Ga ɗanka na fari. Ga dangin matarka za su zo daga ƙauye su ga turke babu rago. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama.

Sai ya ce bari dai ya ga wane ne mai murhun nan. Ya karɓi wayar wani maƙwabci da matarsa ta danna, aka nuna masa inda tallar ke kai mutum. Hoton murhun gawayi ne na ƙarfe, mai ƙafa uku, da lambar waya a ƙasa. Ya kira.

Aka ɗauka da sauri, ana jin ƙarar guduma a baya. Mai maganar ya ce, "Salamu alaikum, Bashari ne mai murhu. Ranka ya daɗe, babba kake so ko ƙarami?"

Tasi'u ya ce, "Malam Bashari, tambaya ce da ni. Kai ka ba da tallar nan?"

"Ni ne. Wallahi kai ne mutum na farko da ya kira. Akuyar matata na sayar na zuba a tallar nan, aka ce za ta kai ni wata guda. Kafin in juya sai ga saƙo wai kuɗi sun ƙare, wai mutane da yawa sun danna. To ina mutanen? Ko mai tambayar farashi ban samu ba. Har yanzu ban iya faɗa mata ba. Babba ka ce ko ƙarami?"

Sai ya ƙara da cewa, "Kana ji na?"

Tasi'u ya ce, "Ina ji. Ɗan'uwa, ba saye zan yi ba. A gidana aka cinye kuɗinka." Ya faɗa masa komai, bai rage ba, sai dai bai ambaci sunan Gwaggo ba. Ya ce 'yan barka ne, kuma ba su san cuta ba ce.

Bashari bai ce madalla ba. Ya ɗaga murya, ya ce, "Ku kun yi biki da akuyar matata ke nan! Kai kuma ka kira ni ka yi min dariya?" Ya faɗi maganganu masu zafi. Tasi'u bai rama ko ɗaya ba. Ya ce, "Kana da gaskiya. Zan rubuta wa kamfanin yau, in ce su mayar maka. Ga unguwarmu, ga sunana, in ka ga ban yi ba ka zo ka same ni." Mutumin ya kashe waya.

Tasi'u ya shiga ɗaki ya samu Sahura tana shayar da yaro. Ya faɗa mata. Ta dubi jaririn, sannan ta ce, "Malam, ni na buɗe musu shafin. Da hannuna."

"Ba ki sani ba."

"In ka rubuta musu, shafin fa?"

"Za su iya rufe min talla. Suna yin haka."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ni da na sha wuya kafin in same shi, ba na so a yanka masa akuyar wata. Rubuta."

Ya rubuta. Amsa ta zo, gajera, babu godiya a ciki. Sun cire kuɗin, za su mayar wa mai talla, kuma sun dakatar da talla a shafinsa har sai sun gama bincike, ba su ce yaushe ba. Ku duba fa. Rago ya tafi, rabin abincinsa ma ya tafi, saboda gaskiyar da shi ya kai kansa ya faɗa.

Da Gwaggo ta ji, gidan bai zaunu ba. Ta ce, "Ni za ka kunyata? Na tara mata, na yi maka gayya, ka kwashe ka mayar wa kamfanin da bai san ka ba? Wa muka yi wa sata? Gidan wa muka haura? Hoto ne fa, Tasi'u, hoto!" Ya durƙusa da ƙyar saboda bayansa, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Na san don ni kika yi." Ta juya masa baya. Ta ci gaba da hidimar mai jego, amma ta daina amsa gaisuwarsa.

Ranar suna ta zo. Maza suka taru bayan sallar asuba, aka raba dabino da goro. Liman ya ce wanda ba shi da hali babu laifi a kansa, ya yi addu'a, aka sa wa yaro Mudassiru. Amma kun san mutane. Wani kawun Sahura ya leƙa tsakar gida, ya dawo yana cewa, "Igiyar dai mai kyau ce, Allah ya sa a ci da lafiya." Wasu suka yi dariya. Tasi'u ya sunkuyar da kai, yana miƙa goro.

Ana cikin watsewa sai ga wani baƙo a kan keke, hannuwansa duk tabon wuta. Ya yi sallama, ya ce yana neman Tasi'u. Bashari ne. Ya ce, "Sun turo min saƙo sun mayar da kuɗin. Na ce sai na zo na ga wanda ya yi wannan da idona." Ya hango turken ta ƙofa, ya dubi igiyar, ya dubi Tasi'u. Ya ce, "Ashe ba ka da wani ragon?"

"Babu."

Mutumin ya zauna a bakin tabarma. Can ya ce, "Maganganun da na faɗa maka a waya, ka yafe min. Ni ma ba ni da abin ba ka. A kawo min yaron in yi masa addu'a."

Gwaggo ce ta fito da jaririn. Ta riga ta ji komai daga bayan ƙofa. Ta miƙa shi, ta tsaya tana kallon hannuwan nan masu tabo suna tallafe da jikanta. Ta koma ciki, ta fito da kwanon waina da ta soya da kanta, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Ɗan nan, ci. Ni ce na tara matan. Wallahi ban san akwai mutum a bayan hoton ba."

Na san kuna jira in ce daga nan wani attajiri ya zo da mota cike da raguna. Ni ban ji haka ba, kuma ba zan ƙara abin da ban ji ba. Abin da na ji, Tasi'u ya ci gaba da ɗan kamashonsa, yau a samu, gobe a rasa, kuma yaron ya girma babu loma ɗaya ta haƙƙin wani a cikin sunansa. Sakamakon sauran yana wurin Allah, shi ne ba ya mantuwa.

'Yan'uwana, darasin a fili yake. Haƙƙin mutum haƙƙi ne, ko kin ga fuskarsa ko ba ki gani ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, kamar mu take. Mu nawa ne a nan aka turo mana, "Don Allah danna min, ba sai kin saya ba," muka danna don kunya ko don zumunci? Mu nawa ne muka tura tallar man shafawa ko maganin da ba mu taɓa buɗewa ba, muka rubuta "na gwada, yana da kyau," saboda ɗan kamasho? Neman kuɗi ta waya ba haramun ba ne, sana'a ce kamar kowace. Amma duk abin da ya shigo asusunki, daga hannun wani ya fito. Kafin ki danna, kafin ki tura, ki tambayi kanki, wane ne zai biya, kuma da ya san gaskiya zai yarda? In amsar ita ce ba zai yarda ba, ki janye yatsanki, ko da suna gobe ne.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu da cin haƙƙin wanda ba mu gani ba. Amin.