Agogo Biyu a Tsakiyar Teku

Akwai wani mutum mai aiki a rijiyar mai, can tsakiyar teku, inda aka kafa ƙarafa a kan ruwa. Aikinsa duba agogo biyu. Ba na lokaci ba ne, ƙarfin iskar gas da ke ƙasa suke nunawa. In hannunsu ya hau ja, sai a rufe rijiya.

Wata biyu bai ga gida ba, ga shi matarsa ta haihu. Ran nan jirgin ruwa ya zo ɗaukarsa. Ya kasa zama. Ya shiga, ya fita, ya leƙa jirgi, ya dawo. Jakarsa tun safe tana bakin ƙofa.

Da ya duba, agogo ɗaya ya hau ja, ɗayan kuwa yana kwance lafiya. In ya faɗa wa manya, za a tsare shi ana bincike, jirgi ya tafi. Ya ƙwanƙwasa jan da yatsa. Bai sauka ba. Ya sake. Bai sauka ba.

Sai Habila, wanda zai canje shi, ya shigo.

"Baban jariri, jikinka har rawa yake! Wannan fa da ya yi ja?"

"Rabu da shi, tsoho ne, ƙarya yake yi. Dubi ɗan'uwansa."

Habila ya yi dariya. "To, a gaida mai jego. Ka ajiye mini naman suna, kada ka cinye."

Ashe mai kwanciyar ne ya lalace, laka ta toshe shi. Mutumin ya shiga jirgi, ba su yi nisa ba suka ji ƙara. Suka waiga, ga wuta har sama. Aka juya, aka tsamo mutane daga ruwa. Mutumin nan yana ta duba fuskoki, yana kira. Babu Habila.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, mu ma agogo biyu gare mu. Ɗaya Maganar Allah ce, tana cewa tsaya, akwai haɗari. Ɗayan son zuciya ne, kullum lafiya lau yake cewa. In muna sauri, mai daɗin muke zaɓa, mu ce gaskiyar ce ta tsufa. Kuma ba mu kaɗai wutar take ci ba, har da wanda ya yarda da bakinmu.

Mutumin nan ya kai gida. Ran suna aka ajiye masa nama, ya kasa ci. Wane ja ne ke gabanka yau, kana ta ƙwanƙwasawa?