Suwaiba Ta Bar Tuwo Don Ta Gano Ciwon Mijinta

Akwai wani manomi a Ƙafin Maiyaki ta ƙasar Kiru, sunansa Malam Mainasara. A wajejen shekarar 1988, in ka shiga garin ka tambayi wa ya fi kowa dawa a rumbu, za a iya yi maka gardama. Amma in ka tambayi wa ya fi kowa raha, ba mai musu, shi ne. In ana sussuka ya iso, sai an ajiye sanda an riƙe ciki don dariya.

Matarsa Suwaiba 'yar Doguwa ce. Shekararsu ashirin da bakwai tare, 'ya'yansu huɗu duk sun yi aure sun bar gida. Ba mai yawan magana ba ce, amma akwai ta da lura.

Bayan an gama girbin wannan shekarar, Suwaiba ta ga mijinta yana shan ruwa fiye da kima, yana yawan zagawa, ga rama. Ta matsa masa har ya je asibiti. Aka gwada jininsa, likita ya ce ciwon sukari ne. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya bar shan zaƙi, ya rage tuwo.

Mainasara ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Wannan ciwon ne ya kashe yayansa Isa, kuma sai da aka yanke masa ƙafa kafin ya rasu. Shi Mainasaran ne ya yi jinyarsa, ya ga komai da idonsa.

Ranar kasuwa sai ya gamu da abokinsa Gwadabe, direban babbar mota mai zuwa kudu. Da ya ji labari, Gwadabe ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Wane irin ragewa? Akwai wani attajiri da na sani a Ikko, duk abin da ya fito daga hatsi ya bari, sai nama da ƙwai da ganye. Yanzu ras yake. In kana son ƙafarka, ka bar tuwo kwata-kwata."

Gwadabe ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganar ƙafa ta shiga zuciyar Mainasara ta zauna.

Ranar ya shigo gida ya ce, "Suwaiba, daga yau ba ni ba tuwo. Ba fura, ba koko, ba shinkafa, ba dankali, ba rogo. Ko wake kada ki dafa mini."

Ta ce, "Malam, ai ragewa likita ya ce."

Ya ce, "Isa ma ragewa ya yi."

Washegari ta soya masa ƙwan zabi, ta dafa zogale. Haka aka ci gaba. Yau kifi da rama, gobe nama da kabeji, jibi a koma ƙwai.

Da farko abin ya yi kyau. Ƙishirwa ta ragu, yawan zagawa ya ragu, har yana yi wa mutane wa'azi a kan tuwo.

Amma kafin wata biyu ya cika, Suwaiba ta ga wani mutum daban a gidanta. Ya daina fita ciyayya, wato zaman da magidantan unguwa suke yi a ƙofar gida kowa da akushinsa, don ya ce ba zai iya zama yana kallon tuwo ba. Ya daina kunna rediyo. Sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida tun hantsi har azahar, idonsa a ƙasa. In an yi masa magana sai ya hau faɗa, bayan faɗan kuma ya koma ya yi tagumi. Ko jikarsa aka kawo masa, sai ya ɗan shafa kanta ya kau da kai.

Gwaggonsa, Inna Turai, ta zo daga Kiru ta dube shi, ta tafa hannu.

"Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Hannu aka sa masa."

Ta kawo turare da rubutu. Suwaiba ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Amma da tsohuwar za ta tafi, sai ta tsaya a zaure ta ce, yadda Suwaiba za ta ji, "Mace tana gida, miji yana ƙarewa a gabanta, ita kuwa ga ta nan ɓul-ɓul. Allah dai ya sani."

Maganar ta soki Suwaiba. Ta shiga madafa ta share hawayenta da bakin zane, ta ɗora tukunya. Ba ta gaya wa mijinta ba, ba ta kuma rama ba.

Ana nan aka yi ruwan shuka. Da gari ya waye duk unguwa ta watse zuwa gona, sai Mainasara kaɗai ke zaune. Suwaiba ta fito da ƙwaryar iri ta ajiye a gabansa.

"Malam, ƙasa ta jiƙu."

Ya dubi irin ya ce, "Ki ba wanda yake so. In noma abin da zai kashe ni?"

"To gonar fa?"

"Ta zauna." Sannan ya ce da ƙaramar murya, "Ni fa na gaji, Suwaiba. Ba abin da yake yi mini daɗi. Da Allah zai ɗauki raina da na huta, ke ma kin huta."

A shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa ba, ko ranar da suka binne ɗansu na fari.

Ta rasa abin yi. Addu'a tana yi. Lallashi ta yi. Abu ɗaya ya rage da ta ga za ta iya: kada ta ƙara barin sa ya ci abinci shi kaɗai.

Da rana ta kawo masa kwanonsa, ta kawo nata, ta zauna a gefen tabarmar. A garin ba a saba ganin mace tana cin abinci tare da mijinta ba. Ya leƙa kwanonta, ya ga zogale da ƙwai, irin nasa.

"Ina tuwonki?"

"Na gaji da tuƙa tukunya biyu," in ji ta.

Daga ranar Suwaiba ta bar tuwo. Ta bar kokon safe, ta bar furar da take sha da la'asar tun tana yarinya. Duk abin da ya ci shi take ci, abin da bai ci ba ko ɗanɗanawa ba ta yi.

Kwana huɗu, kanta ya fara sarawa. Kwana bakwai, ta ɗaga taɓarya ta ji kamar an ɗaura mata dutse. Da aka yi kwana goma sha biyu, maƙwabciyarta Kyauta ta shigo aron rariya, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Suwaiba ta ji bakinta ya ce, "Ke kullum aro! Ba kasuwa a garin ne?"

Kyauta ta tsaya sororo, ta juya ta fita. Suwaiba ta zauna a bakin turmi ta fashe da kuka, ba ta san dalili ba. Ta dubi gidan nan da ta share shekaru tana ƙauna, ta ji duk ya yi mata duhu.

Tana cikin kukan sai wani tunani ya zo mata. Ta ce a ranta, "Ni ba ni da ciwon sukari. Ba wanda ya yi mini asiri. Kwana goma sha biyu kacal, ga yadda na koma. To shi da ya yi wata biyar fa?"

Ta wanke fuska, ta bi Kyauta har gida ta ba ta haƙuri, ta miƙa mata rariyar. Daga nan ta wuce gindin darbejiya ta durƙusa.

"Malam, ina da magana. Abin da kake ji, na fara jin sa. Kai ya yi nauyi, zuciya ta yi ƙunci, komai ya fita daga rai. Ni dai ina zargin abincin nan."

Ya ɓata rai. "So kike a yanke mini ƙafa?"

"Ban ce ka ci komai ba. Mu koma wajen wanda ya gano ciwon, mu gaya masa gaskiyar abin da kake ci. In ya ce daidai ne, ba zan ƙara magana ba."

"Ba inda zan je."

"To shi ke nan. Ni ma ba zan ƙara cin tuwo ba sai ranar da muka je."

Ya ɗago zai yi faɗa, sai idonsa ya tsaya a kanta. Ya daɗe bai dube ta da kyau ba. Wuyanta ya zurma, idanunta sun faɗa, awarwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu.

Ya ce, "Yaushe kika koma haka?"

Ta ce, "A gabanka, Malam."

Washegari da safe suka hau bas.

Likitan ya yi wa Mainasara tambayoyi, amma amsar da yake bayarwa ba ta wuce "lafiya lau" da "da sauƙi" ba. Sai Suwaiba ta ce, "Likita, a ba ni izini in yi magana." Ta zayyana masa komai: abin da yake ci, ranar da ya daina fita, maganar da ya yi ranar ruwan shuka, da abin da ya same ta ita kanta.

Likita ya ajiye biro. "Ke ma kin bi shi? Ba ki da ciwon?"

"Ba ni da shi. Ban so ya riƙa ci shi kaɗai ba ne."

Ya girgiza kai yana kallon ta. Sannan ya juya ga mijin. "Malam Mainasara, ragewa na ce, ban ce ka bari ba. Kana shan ƙwayar da take sauke sukari, kuma ka hana jikinka hatsi gaba ɗaya. Ka yi sa'a ba ka yanke jiki ka faɗi ba. Jiki ba ɗaya ba ne. Abin da wani ya yi ya zauna lafiya, wani in ya yi sai ya jigata."

Mainasara ya ce, "To wannan ƙuncin fa? An ce hannu aka sa mini."

"Sunansa ciwon damuwa, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo. Ba abincin kaɗai ba ne. Akwai tsoro a ranka, ka kuma yanke kanka daga mutane. Duk sun haɗu. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

Ya gyara masa magani. Ya dunƙule hannunsa ya nuna wa Suwaiba. "Tuwo kamar wannan, miya da ganye da yawa. Wake ya dawo. In za a sami acca ko alkama, ya fi. Ku dawo bayan mako biyu, ke da shi. Kuma in ya sake maganar mutuwa, kada ki jira ranar, ki kawo shi."

Suwaiba ta aika wa ƙaninta Ubale a Doguwa, ya aiko da acca a motar kasuwa. Ranar da ta fara tuƙa tuwon, ta haɗa shi da miyar kuka. Mainasara ya gutsura, ya riƙe lomar a hannu ya kasa kai wa baki.

Ta gutsuri nata, ta yi bisimilla, ta ci. Ya dube ta, ya rufe ido, shi ma ya ci.

Kada ku zaci da loma ɗaya ya warke. Sai da aka yi makonni. Akwai ranar da zai tashi da ɗan kuzari, akwai ranar da zai koma gindin bishiya. A irin wannan ranar Suwaiba takan ce tana son ganin gona, ya raka ta. Ta kuma aika wa dattawan unguwa cewa su riƙa leƙo shi, ko bai fito ba.

Lokacin shukar dawa ya riga ya wuce. Amma maƙwabta suka yi masa gayya, aka shuka wake a rabin gonar. Ranar gayyar, shi ya riƙe igiyar shanu.

Inna Turai ta dawo bayan wata uku, ta tarar da shi yana gyaran garma yana 'yar waƙa. Kyauta ce ta ba ta labarin duk abin da ya faru. Tsohuwar ta shiga har madafa, ta kama hannun Suwaiba ta ce, "'Yar nan, na yi miki mugun zato. Ki yafe mini."

Suwaiba ta sunkuyar da kai. "Haba Inna, ɗanki kike ji. Ba komai."

A ranar ne Mainasara ya fara jin abin da aka faɗa wa matarsa a zaure. Bayan baƙuwa ta tafi ya kira ta. Ya ce, "Suwaiba, da na ƙi zuwa asibitin nan fa? Sai ki yi yaya?"

Ta ci gaba da tsince wakenta, ta ce, "Sai mu ci gaba da ramewa tare."

Dattijon ya ja hularsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa kawai take gani suna motsi.

Darasi: Kada ka yanke wa kanka dokar abinci mai tsanani don ka ji wani ya yi, musamman in kana shan magani, koma wajen likitanka ka tambaya. In ɗan'uwanka mai fara'a ya koma shiru, ya janye daga mutane, ko ya fara maganar mutuwa, kada ka tsaya zargin asiri. Ka zauna kusa da shi, ka yi masa addu'a, ka kai shi asibiti. Ba sai ka jefa lafiyarka cikin haɗari kamar yadda Suwaiba ta yi ba, amma ka ɗauki lurarta da haƙurinta. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai gidan da yake buƙatarsa yau.