Aljanin da Ke Ɗauke da Hasumiyar Rimaye

A wani zamani mai tsawo, tun duniya na da sauran ƙuruciyarta, an yi wani birni a bayan tsaunukan gabas ana ce masa Birnin Rimaye. Sarkinsa shi ne Sarki Jatau, mai alfarma, mai yalwar dukiya, wanda abu guda kaɗai ke hana shi sukuni, wato ya ji an ce wani ya fi shi. A tsakiyar birnin akwai wata hasumiya ta jar ƙasa wadda kakannin kakanni suka tarar a tsaye, tsawonta har shaho kan huta kafin ya kai zankonta, daga gindinta kuma wani marmaro ke ɓuɓɓugowa, shi ne ruwan shan gari duka. Magabata sun bar magana cewa ran da hasumiyar nan ta faɗi, ran nan marmaron zai ƙafe.

Kowace shekara kafin faɗuwar damina akan yi mata gayyar yaɓe. Maza su kwaɓa ƙasa da ƙafafu, mata su ɗebo ruwa, makaɗa su saki ganguna, a hau azarorin da suka leƙo daga jikin ginin, kowa ya shafa laka da tafin hannunsa, sarki ne kuwa ke fara sa hannu.

Ana nan sai wani bafatake ya sauka a fada. Ya gyara rawani, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ga duniya, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, na ga dalolin Masar, manyan gine-ginen nan masu tsini, na ga wata ganuwa a ƙasar Sin wadda raƙumi kan tsufa bai kai ƙarshenta ba."

Sarki ya ce, "To, da wace irin ƙasa suke yaɓe su?"

"Yaɓe, ranka ya daɗe? Ai dutse ne zalla. Ba mai taɓa su."

Fadawa suka ɗauka, "Ka ji manya! Mu kuwa kullum cikin laka kamar zanzaro!"

Maganar nan ta soki Sarki Jatau. Ya aika aka zo da wani matsafi mai suna Zarƙami, wanda ya lulluɓe hasumiyar da farar marmara tun daga gindi har zanko, ya tofa mata tsafin da ƙarfe ba ya cinta, wuta ba ta ƙona ta. Sankira ya zaga gari yana shela cewa an soke gayyar yaɓe har abada. Shekara ta zagayo ba a yi ba. Da ta biyu ta kusa cika, sai hasumiya ta fara karkata wajen kasuwa, marmaro ya koma ɗigo, wani irin gurnani kuma ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. Aka nemi Zarƙami aka rasa. Jarumai suka tokare ginin da gumagumai, gumaguman suka karye kamar tsinke. Sarki ya miƙe gaban jama'a ya rantse cewa duk wanda ya miƙar da hasumiyar nan, ya roƙi abin da ransa ke so.

Sarkin kuwa yana da 'ya guda, Gimbiya Yalwa, kyakkyawa, amma ta addabi fada da kwaikwayo. Ba muryar da za ta ji sau ɗaya ta kasa maimaitawa. Ta taɓa aron muryar sarki ta sa Waziri ya faɗi gaisuwa gaban labule, ba kowa a ciki sai ita. Ran nan ta tsaya gindin hasumiya ta kasa kunne, ta gwada gurnanin a maƙogwaronta, sai ta zabura ta nufi wajen Nomau, saurayin da ya gaji sarautar Sarkin Magina, wanda tun da aka soke yaɓe yake zaune hannu bushe.

Ta ce, "Sarkin Magina, wannan ba kukan gini ba ne. Tsaki ne. Wani tsoho ne ke tsaki a ƙasa. Ɗauko igiya."

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, in igiyar ta tsinke, kaina za a sare."

"To, kada ka bari ta tsinke."

Da yake ruwa ya ja baya, bakin marmaron ya buɗe kamar rijiya. Nomau ya ɗaura bakin igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin a na Yalwa, ya zura ta a hankali, har ta dira cikin wani kogo mai faɗin fage. Nan ta ga abin mamaki. Wani tsohon aljani ne, gemunsa ya yi saiwa cikin ƙasa, ruwa na tsattsafowa daga tsakanin yatsun ƙafarsa, hasumiyar duka tana bisa kafaɗunsa. Ya riga ya zare kafaɗa guda, yana naɗe tabarmarsa da ƙafa.

Ya ce, "Wace fatalwa ce kuma?"

Ta durƙusa. "Kaka, barka da aiki. Mutum ce, 'yar Sarkin Rimaye."

"Ƙarya kike! Mutanen Rimaye sun ƙare. Ni ne Dunƙurum. Na yi wa kakanku alkawarin zan riƙe ginin nan, in shayar da ku, muddin akwai mai rai a garin. A nan ƙasa ba na ganin rana, amma duk shekara nakan ji ɗumin hannuwa a gadon bayana, sai in san kuna nan. Bara shiru, bana shiru. Da ɗigon ruwan farko zan sauke kayan nan in tafi da ruwana."

Yalwa ta ce, "Kaka, saurara ka ji garin da ya mutu." Ta maƙe murya ta rangaɗa tallan fura. Ta koma tsohuwa mai zagin akuyar maƙwabta. Ta kumbura kumatu ta zama Waziri yana cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe, gaskiya ne," tun ba a faɗi kome ba. Aljani ya tuntsire da dariya har ƙasa ta girgiza, igiya ta fizgi Nomau ya gurfana a bakin ramin, tafukansa suka yanke, amma bai saki ba.

Dunƙurum ya share hawaye ya ce, "Kin iya, 'yar nan. Amma mu aljanu mun fi kowa aron murya. Hannu nake so in ji."

Ko da aka jawo ta waje, hadari ya riga ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Ta ruga fada da laka har gwiwa, ta zube gaban mahaifinta ta zayyana masa kome. Sarki ya ce, "Ya 'yata, marmarar nan ta gagari ƙarfe. Kuma ni da na soke yaɓe da bakina, yaya zan fita in ce a yi? Sarakunan duniya su ji me?"

Ta ce, "Allah ya taimaki sarki, na ji." Ta fita kamar mai ladabi, ta laɓe bayan zaure, ta cika ƙirji, ta ɗauko muryar ubanta har da ɗan kakin da yake yi, ta daka tsawa, "A buga gangar gayya!"

Kai, zo ka ga gari! Ganguna suka ɗauka, mata suka kwaso ɗan ruwan da ya rage a randunansu, maza suka faɗa cikin ƙasa suna tattaka, tsofaffi na guɗa. Sarki ya fito a fusace don ya ga wanda ya ari bakinsa, sai ya tarar da jama'arsa duka sun buɗe masa hanya har gindin hasumiya, Nomau na miƙo masa curin laka, suna jiran hannun farko. Ya dubi hadari, ya dubi farar alkyabbarsa, ya dubi 'yarsa da ke sunkuye kamar ba ta san kome ba. Sai ya tuɓe alkyabbar ya yar, ya karɓi lakar ya maka wa marmara.

Nan take marmarar wurin ta zube ta zama farin yashi. Ashe Zarƙami ya yi wa ƙarfe magani, ya yi wa wuta, bai yi wa laka ba, domin bai zaci akwai mutanen da za su ga marmara su yaɓe ta ba. Hannuwa suka sauka ta ko'ina, marmara na zuba, azarori na fitowa, samari na hawa suna miƙa wa juna laka har sama. Iska ta taso, aka yi walƙiya. Nomau ya shafe zanko da tafukansa masu jini, sai aka ji wata doguwar ajiyar zuciya daga ƙarƙashin ƙasa. Hasumiya ta miƙe tsaye cak, marmaro ya yi tsiri sama, sa'an nan ruwan farko ya sauko.

Da aka natsu, Sarki Jatau ya ce, "Yalwa, rantsuwata tana nan. Roƙi abin da kike so, amma muryata ki bar mini."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina son wanda ya riƙe igiya bai saki ba."

Aka ɗaura auren Gimbiya Yalwa da Sarkin Magina Nomau, aka yi bikin da har fataken Masar suka koma gida da labarinsa. Hasumiyar Rimaye ta ci gaba da tsayawa, sarakuna na zuwa suna wucewa, sawun tafukansu na bisa na talakawansu a jikinta. Masu ba da labari sun ce duk ranar gayya, wanda ya kanga kunne a jikin ginin yakan ji muryar wani tsoho can ƙasa yana cewa, "Yauwa, jikokina. Nan, nan. Ɗan sama kaɗan."